Miliyan biyar a asusun rabon riba: nawa zai riƙa shigo maka bayan shekara goma?

Ɗan uwa na ga tambayarka. Ka ce kana kasuwancin albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, ka ware naira miliyan 5 da ba ka son taɓawa, wani ya nuna maka asusun hannun jari da ke raba riba kashi 12 cikin ɗari a shekara, kuma niyyarka duk abin da aka raba ka mayar da shi ciki har shekara goma, sannan ka fara karɓa kana biyan kuɗin haya da na makarantar yara. Kana so ka san nawa zai riƙa shigowa a wata idan lokacin ya yi. Toh wannan lissafin shi ne aikina a nan Legas, kuma zan ba ka shi yadda nake yi wa waɗanda suke zama a gabana, sai dai ka yi haƙuri amsar ta yi tsawo, don lambar da kalkuleta za ta ba ka a minti ɗaya daban, kuɗin da zai shiga aljihunka daban.

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi tukuna. Kar ka riƙa kallon kuɗinka a matsayin naira, ka kalle shi a matsayin yunit, wato adadin rabon da ka mallaka a cikin asusun. A ce yunit ɗaya naira 100 ne, miliyan 5 ɗinka ta sayi yunit 50,000 kenan. Kashi 12 yana nufin kowane yunit an ba shi naira 12 a shekara, jimla naira 600,000. Amma a Najeriya ana cire harajin kashi 10 daga ribar hannun jari tun kafin ta iso hannunka, saboda haka abin da ya rage naira 540,000 ne, kaga kashi 12 ya koma 10.8 tun ba a je ko'ina ba. Wasu asusun lambar da suke tallatawa an riga an cire harajin da ladan masu kula da asusun, wasu kuma ba a cire ba, wannan ita ce tambaya ta farko da za ka yi musu kuma a rubuce za su ba ka amsa. Ni a nan zan ɗauka harajin ne kawai ba a cire ba.

540,000 a shekarar farko, idan ka raba wata goma sha biyu naira 45,000 kenan a wata. Ba ka karɓa ba, ka mayar, ta saya maka ƙarin yunit 5,400, yanzu kana da 55,400. Shekara ta biyu ribarka ta zama kusan 598,000 saboda yunit ɗin da ka ƙara su ma sun fara kawo nasu. Haka zai ci gaba, a ƙarshen shekara ta biyar kuɗin ya kai kusan miliyan 8.35, a ƙarshen ta goma kusan miliyan 13.9. Daga nan idan ka daina mayarwa ka fara karɓa, kashi 10.8 na miliyan 13.9 ya kama kusan miliyan 1.5 a shekara, wato wajen naira 125,000 a wata. Idan kana son gajeriyar hanya ta ka, ka raba 72 da kason ribarka, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗin zai ninka, 72 a raba da 10.8 ya ba da kusan shekara bakwai. Idan kuma kana da Excel a waya ka rubuta =FV(0.108,10,0,-5000000) zai fito maka da wannan miliyan 13.9 ɗin.

Toh wannan ita ce lambar da masu talla suke nunawa, kuma lissafin daidai ne, matsalar tana cikin abubuwan da aka ɗauka ba tare da an faɗa maka ba. An ɗauka farashin yunit zai tsaya a naira 100 har shekara goma, an ɗauka naira 12 ɗin ba za ta ragu ba ko sau ɗaya, an ɗauka kuma naira ta shekara goma masu zuwa daidai take da ta yau. Duk ukun babu wanda ke faruwa a zahiri, kuma na ƙarshen shi ya fi damuna.

Kai da kake cikin kasuwa ba sai na ba ka labarin tsada ba, ka san nawa ake ɗauko lodi daga Aliero ko Kano zuwa Legas kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ka san nawa ne yanzu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disambar 2024, daga baya aka sauya ma'aunin lambar ta sauko. Mu ma bar wannan shekarar mai zafi, mu ɗauka a shekara goma masu zuwa matsakaicin tsada zai zama kashi 15 a shekara, misali ne kawai na ɗauka don mu gani. A haka kaya suna ninka farashi sau huɗu a shekara goma. Ma'ana 125,000 ɗin da za ka riƙa karɓa zai sayi abin da 31,000 ke saye yau. Ka tuna fa a shekarar farko 45,000 kake da ikon karɓa ka ƙi, ka yi haƙuri shekara goma cur, ka zo kana karɓar abin da ƙarfinsa bai kai na farko ba. Ita kanta miliyan 13.9 ɗin ƙarfinta bai wuce miliyan 3.4 ta yau ba. Wallahi wannan ne wajen da mutane da yawa suke yin shiru idan na rubuta musu a takarda, kuma na fi son su yi shirun a gabana tun kuɗin yana hannunsu.

Shi ya sa ni abin da nake bi a asusu ba girman kason ba ne, tarihin naira nawa ake ba kowane yunit nake bi, shekara bayan shekara, yana hawa ko yana tsaye ko yana sauka. Bari in nuna maka da asusu na biyu. Wannan kashi 7 kawai yake rabawa, bayan haraji 6.3, shekarar farko 315,000 kenan, wajen 26,000 a wata, ko kusa bai kai na farkon ba. Amma kamfanonin da ke cikinsa suna iya ƙara farashin kayansu idan tsada ta zo, ribarsu tana hawa, saboda haka a ce abin da ake ba yunit da farashin yunit ɗin duka suna ƙaruwa da kashi 10 a shekara. Idan ka haɗa rabon da hawan farashin kuɗinka yana girma da kashi 16.3. Bayan shekara goma kana da kusan miliyan 22.6, abin da zai riƙa shigowa kuma kusan miliyan 1.43 a shekara, wajen 119,000 a wata. Kaga ya kusa kamo mai kashi 12 a kuɗin wata, uwar kuɗi kuwa ya ba shi ratar kusan miliyan 9. Kuma ranar da ka daina mayarwa ka fara ci, na farkon ya tsaya cak a 125,000 har abada, na biyun kuwa shekara mai zuwa ya zama 131,000, ta gaba 144,000, ba tare da ka ƙara sisi ba. Shi ma ɗin da ƙyar ya sha gaban tsadar kashi 15, amma ya sha gabanta.

Akwai kuma na uku wanda shi ne tarkon gaske, asusun da yake raba kaso mai tsoka amma farashin yunit ɗinsa yana zaizayewa a hankali. A ce yana ba da kashi 12 na farashin da yake kai, amma farashin yana sauka kashi 5 duk shekara. Girman kuɗinka na gaskiya 5.8 ne kawai, bayan shekara goma kana da miliyan 8.8, kuɗin wata kuma wajen 79,000. Wani ɓangare na abin da ake turo maka da sunan riba naka ne ake dawo maka da shi. Kamar ɗan kasuwar da yake cefane daga uwar kuɗi ne, gida ana cin mai kyau kullum, amma duk zuwan mota buhunan da yake iya saukewa suna raguwa.

Kuma ka gane yadda ake samo kason nan. Ana raba ribar da aka biya ne da farashin yau. Dangote Cement ya biya naira 20 kan kowane hannun jari na shekarar 2022, ya biya naira 30 na 2023. Wannan naira 30 ɗin idan farashin hannun jarin 300 ne kashi 10 ce, idan 600 ne kashi 5 ce, riba ɗaya ce ba ta canza ba. Toh idan ka ga kaso ya yi tsalle sama, wani lokaci ba ribar ce ta ƙaru ba, farashin ne ya faɗi saboda masu kasuwa sun hango matsala, kuma ribar da aka yi lissafin da ita ta bara ce, ta bana babu wanda ya yi maka alkawarinta. MTN Najeriya kamfani ne babba da yake raba riba akai-akai, amma da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a cikin 2024, bashin da ke kansa na dala ya jawo masa asarar kusan naira biliyan 400 a shekarar 2024, masu hannun jari ba su samu rabon wannan shekarar ba. Bankuna su ne suka fi raba kaso mai yawa a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, amma a watan Yunin 2025 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankunan da yake yi wa sassauci kan wasu basussuka su dakatar da rabon riba har sai sun gyara littafinsu. Dattawan da suka sayi hannun jarin bankuna da kuɗin bashi kafin faɗuwar kasuwa ta 2008 har yau idan ka zauna da su a unguwar Marina ta Legas za su ba ka labari. Saboda haka a cikin shekara gomanka ka sa shekara ɗaya ko biyu da rabon zai ragu da rabi ko ya ɓace gaba ɗaya, in bai faru ba alhamdulillahi.

Idan asusun da aka nuna maka na Amurka ne, irin waɗanda matasa suke saya ta manhajojin waya irin su Bamboo ko Trove, toh lissafin ya sake canzawa. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka kashi 30 ake cirewa daga rabon riba kafin ya shigo. Asusun da ya rubuta kashi 10, kashi 7 ne naka. Dala 3,000 za ta kawo dala 300 a takarda, dala 210 a hannu, wajen dala 17 da rabi a wata. Waɗanda suke biya duk wata da kaso mai ɗaukar ido yawanci ba ribar kamfanoni kaɗai suke rabawa ba, suna sayar da wata yarjejeniya ce da ke ba wani damar sayen hannun jarinsu a ƙayyadadden farashi, su karɓi lada su raba muku, abin da ke nufin idan kasuwa ta hau sosai hawan ya wuce su, idan ta faɗi kuma da su ake faɗuwa. Wani asusun Amurka mai suna QYLD misali ne da kowa zai iya dubawa, ya fara a ƙarshen 2013 a wajen dala 25, yana biya duk wata kusan kashi 12 a shekara, amma bayan sama da shekara goma farashinsa yana ƙasa da dala 20, alhali kamfanonin kasuwar Nasdaq ta Amurka da yake riƙe da su sun ninka sau da yawa. Amfanin na dala shi ne idan naira ta faɗi kuɗinka ya tsira, wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ka lissafa da bambancin canji lokacin shiga da lokacin fita, kuma kar ka ɗauka dala hawa kawai take yi duk shekara kamar yadda ta yi a 2023 da 2024.

Yanzu maganar da na san tana ranka ko ba ka rubuta ba, halal. Asusun da suka fi raba kaso mai yawa a nan cike suke da bankunan ruwa, wasu har da kamfanonin giya. Masu bin ƙa'idar shari'a kamar Lotus Halal Equity ETF da ke kasuwar NGX ko Imaan Fund na Stanbic IBTC suna cire waɗannan gaba ɗaya, abin da ya rage su ne siminti, sadarwa, abinci, man ja da makamantansu, shi ya sa kasonsu na rabo yakan yi ƙasa da na masu bankuna, yawancin amfaninsu yana zuwa ne ta hawan farashi. Idan wani ya ce maka asusunsa halal ne kuma yana ba da tabbacin kashi kaza ba ragi, ka tsaya ka nemi sunayen malaman da ke kwamitin shari'arsu da jerin abin da suka saya. Waccan yarjejeniyar da asusun Amurka suke sayarwa ma malamai da yawa na harkar kuɗin Musulunci ba su halatta ta ba. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari mai bin tsarin Musulunci, na farko ya fito a 2017 da kuɗin haya kashi 16.47, na 2025 ya zo da 19.75, ana biya sau biyu a shekara. Shi lambarsa a tsaye take, ba ta hawa da tsada, kuma ba ya mayar da kansa, kai ne za ka nemo inda za ka saka kuɗin idan ya shigo, amma ka ɗora shi kusa da kashi 12 ɗin da aka yi maka talla ka ga ko kasadar hannun jari ta cancanta.

Zakka ma tana cikin lissafi, kuma kalkuletar turawa ba ta san da ita ba. Idan za ka fitar da kashi 2.5 na dukkan darajar kuɗin duk shekara daga cikin asusun, 10.8 ɗinka ya koma kusan 8, miliyan 13.9 ta koma kusan 10.8, kuɗin wata ya sauko wajen 97,000. Malamai sun bambanta kan hannun jarin da aka ajiye don cin riba ba don saye da sayarwa ba, wasu sun ce a fitar daga dukkan darajar, wasu sun ce daga ɓangaren dukiyar kamfanin da zakka ta hau kansa, wannan ka zauna da malaminka ku tsayar da ɗaya, sannan ka saka lambar a takardarka. Idan kana iya biyanta daga ribar albasa toh asusun ya ci gaba da girma yadda yake.

Ƙananan abubuwa kuma suna ci a hankali. Idan asusun irin wanda ake saye a kasuwa ne ta hannun dillali, duk mayarwar da za ka yi sabon saye ne, da ladan dillali da na SEC (hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari) da na CSCS (kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jari) da haraji, tsakanin kashi 1 zuwa 2 na abin da ka saya. Idan kuma asusun haɗaka ne da ake shiga kai tsaye wajen kamfanin, yawanci a fom ɗin akwai wajen da za ka zaɓa a mayar maka da rabon kai tsaye, ka zaɓi wannan, don na sha ganin alat ya shigo da niyyar a mayar, sai biki ya taso ko mota ta lalace a hanyar Ogbomosho, shikenan ya tafi. Ka tabbata ka cika fom ɗin e-dividend (na turo maka rabo kai tsaye banki) da BVN ɗinka kuma sunanka ya zo iri ɗaya a banki da wajen rijistara mai riƙe sunayen masu hannun jari, mutanenmu da yawa Muhammad a nan Mohammed a can, ribarsu tana can a kwance cikin biliyoyin da ba a karɓa ba. Kar kuma ka yi gaggawar saye ana gobe za a rufe rijistar masu cin rabo da tunanin ka ci banza, washegari kasuwa tana rage farashin daidai da abin da za a raba.

Sannan "a wata" ɗin nan da muke ta faɗa rabawa ce kawai a takarda. Kamfanonin Najeriya yawanci suna biyan babban rabo ne tsakanin Afrilu da Yuni bayan taron shekara, wasu su ƙara ɗan ƙarami wajen Satumba, asusun da yawa kuma sau ɗaya ko biyu suke rabawa a shekara. Wannan ma zai iya yi maka daidai tunda mai gida a Agege ko Ketu kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, amma kuɗin makaranta na zango uku sai ka tsara shi da kanka.

In ka tambaye ni abin da ya fi motsa lambar nan a wajen mutum irinka mai sana'a a hannu, ƙari ne. Idan kana jefa 50,000 duk wata a kan miliyan 5 ɗin, wato 600,000 a shekara, a wancan kashi 10.8 ɗin zai ƙara maka kusan miliyan 10 a shekara goma, jimla wajen miliyan 23.9, kuɗin wata ya haura 210,000. Neman asusun da zai ba ka ƙarin kashi biyu ko uku ba zai taɓa kawo maka wannan ba, kasada kawai zai ƙara maka. Kuma ka auna da gaskiya nawa miliyan 5 take juya maka a kasuwarka a kaka ɗaya, mai yiwuwa ta fi haka nesa, amfanin asusun shi ne kuɗi ne da ba ya ruɓewa a rumfa.

Kafin ka saka ko naira ɗaya ka shiga shafin SEC ka ga sunan kamfanin da sunan asusun a jerin masu rijista, hukumar tana fitar da darajar asusun haɗaka duk mako, wanda babu shi a ciki ka bar shi komai daɗin bakin mai kawo shi, mun ga yadda kuɗin mutane ya salwanta a MMM a 2016 da CBEX a 2025. Sai ka nemi su ba ka abu uku na shekara biyar da suka wuce: farashin yunit a ƙarshen kowace shekara, naira nawa aka ba yunit a kowace shekara, da jimlar ladan da suke cirewa. Da waɗannan ka ja layi uku a takarda, ɗaya rabon yana tsaye, ɗaya yana hawa yadda ya saba hawa, ɗaya kuma farashi yana sauka kashi 5 da shekara biyu babu rabo, kowanne ka raba sakamakonsa da huɗu don tsada. Kuɗin haya da na makaranta ka ɗora su a kan layin da ya fi ƙanƙanta. Idan ka samo lambobin ka turo sunan asusun da su, sai mu cika layukan tare.